Ciyawa Mai Cin Ƙuda

"Innalillahi! Yaya, fito ka ga abin da ake kiwo a gidanka!"

Muryar Gwaggo Kande ce ta cika tsakar gidan yayanta, Malam Sidi tela, a Dutse Uku. 'Yarsa Tabawa ta yar da tsintsiya ta rugo, amma ina! Gwaggo ta riga ta jawo kwanon daga gindin indararo.

Yashi ne jiƙe a ciki, da wata 'yar ciyawa ja da ba ta kai tsawon yatsa ba. Ganyenta kamar ƙananan cokula, duk gashi, a kan kowane gashi ɗigon ruwa na ƙyalli. A kan idonsu wani ɗan ƙuda ya sauka ya maƙale, gashin ya fara lanƙwasowa kansa a hankali.

"Wa ya ba ki?" in ji Malam Sidi.

"Ayinla ne, Baba."

Ayinla Bayarabe ne haifaffen Gada Biyu, shi ke neman aurenta, har manyansa sun kawo gaisuwa. A ofishin gandun daji yake, aikinsa tara tsirrai, ya matse su tsakanin tsofaffin jaridu, a aika Ibadan a tantance dangin kowanne.

Gwaggo ta tafa hannu. "Shi ke nan! Rana ta take amma raɓa ba ta bushe ba, ciyawa na cin nama, a ce min ba asiri ba ne? Ke ce ƙudan nan, 'yar nan! Shi ya sa ba kya jin maganar kowa sai tasa."

"Wallahi Gwaggo ilimi ne!" Hawaye ya ɓalle wa Tabawa. "Dirosera suke ce mata a ofis, shi kuma yana kiranta raɓar rana. Ƙasar da take fitowa ba ta da taki, shi ya sa take cin ƙwari. Iri-iri ce: akwai mai kwanciya a ƙasa kamar faifai, akwai mai ganye siriri kamar zare. Wannan kuwa bai san danginta ba sai ta yi fure. A wata fadama bayan Bukuru ya samo ta, masu haƙar kuza sun birkice wurin, ita kaɗai ta rage. Ogansa ya tura shi rangadi, ya ba ni amana, ya ce ruwan sama kawai take sha—"

"Kun ji ko? Har da sharaɗi!"

Gwaggo ta tsinki ganye ɗaya ta miƙa wa yayanta, danƙon ya kama mata yatsa. Ta yarfar da shi gindin indararo tana neman tsari. Malam Sidi ya ce, "Maganar aure ta tsaya. Kwanon kuma kada wanda ya taɓa, ba na ƙona kayan mutum a bayansa."

Kai, Tabawa ta ga tasku! In ta zuba wa ciyawar ruwa, Gwaggo ta ce, "Ga shi nan, asirin na kiranta." In ta ƙi, ta ci amana. Ta zaɓi riƙon amanar, tana zuba ruwa tana kuka, ta rame har zani na kwance mata. Ni dai na ce ko dutse ne ya ga yarinyar nan sai ya ji tausayi, amma Gwaggo ko gezau.

Ran da Ayinla ya dawo, da hantsi, ran nan furen ya buɗe, ɗan mitsitsi, fari mai sirkin ja, a kan wani siririn kara. Irin furen nan kafin azahar ya rufe, ba ya sake buɗewa. Ayinla ya durƙusa ya gaida Malam Sidi a zaure, aka shigo da shi. Yana hango kwanon ya zaro gilashin ƙara girma daga aljihu.

"Mayar da shi," in ji Malam Sidi. "An ce da wannan ka kama min 'ya. Ga murhu can. In ba asiri ba ne, juye ta a wuta da hannunka."

"Baba, don Allah a bar ni in duba furen, kallo ɗaya tak! Oga ya ce in na tantance ta zai tura ni karo ilimi. Babu wata, Baba, an haƙe fadamar!"

"Tofi zai yi!" Gwaggo ta katse shi. "Wannan gilashin na dubansa ne!"

Tabawa ta zube ƙasa ta riƙe ƙafar mahaifinta. "Baba ka yi wa Allah! Ni a dake ni, a kulle ni, amma kada a ƙona masa wahalarsa!"

"Ka gani ko, Yaya? Ciyawa take wa kuka."

Ayinla ya dubi furen, ya dubi Tabawa a ƙasa. Ya mayar da gilashin aljihu, ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya kife shi a murhu. Wuta ta yi cuuu, hayaƙi ya tashi. Bai ɓoye hawayensa ba.

"Ciyawa ce, Baba," ya ce. "Tabawa kuwa mutum ce."

Malam Sidi ya kau da kai. "Kada ka sake tako gidan nan sai damina ta wuce. In asiri ne, ya ƙone, za ta manta da kai."

Haka kuwa aka yi. A ofis ogan ya yi masa faɗa, aka tura wani ma'aikacin karatun. A gida kuma kullum safiya Gwaggo sai ta leƙa ɗakin Tabawa ta ce, "To, ya sake ki?" Ita kuwa ta ce, "Gwaggo, yana nan a raina inda yake." Ba ta yi rashin kunya ba, ba ta aika masa saƙo a ɓoye ba. Kuka dai ta sha shi har ta gode Allah.

Ana gab da ɗauke ruwa, wata safiya Gwaggo ta sake kurma ihu. "Yaya! Ta dawo!"

A gindin indararo, cikin danshin yashi, wasu jajayen 'ya'yan ciyawa ne sun tsiro reras, kowanne da raɓarsa.

Malam Sidi ya sunkuya ya duba. "Wa ya jefar da ganye a nan, Kande?"

Ya miƙe ya dube ta.

"To ke kika shuka wannan asirin, sai mu ce ke ce bokanyar. Ganye ya samu laima ya tsiro, shi ke nan. An ƙone waccan tuntuni, yarinya ba ta sauya ba. Yaron nan kuma ya ƙona ci gabansa saboda ita a kan idona. Me kuma muke jira?"

Gwaggo ta rufe fuska da gefen zani. "Tabawa, na zalunce ki. Ki yafe min." Suka rungume juna suna kuka.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Jama'a, mu ji tsoron Allah: ba duk abin da ba mu sani ba ne asiri, zargi kuma yana iya ƙona abin da ba za mu iya biya ba. Wanda ya riƙe amana ya yi haƙuri da iyaye, Allah ba ya barin sa haka.

'Ya'yan ciyawar kuwa Gwaggo ce ta kwashe su a kwanon shanta. Duk rani ta yi rowar randar ruwan saman da ta tara, ko jikokinta ba ta ba su. Da damina ta zagayo, wani hantsi mutanen Gada Biyu suka ga tsohuwa tafe tana haki, mayafi na jan ƙasa, ta kare kwano da tafin hannu, tun daga bakin layi tana kwaɗa kira:

"Ayinla! Fito da gilashin nan naka maza kafin furen ya rufe!"