Tabon Hannun Dokta

Auta na tsaye gaban kantar shagon magani, wayarta sai ƙara take cikin jaka, shi kuwa ko ɗago kai bai yi ba. Kwalabe yake jerawa, ya kwashe, ya sake jerawa.

"Dokta... don girman Allah ka kalle ni."

Ba likita ba ne, mai sayar da magani ne. Ita ta laƙaba masa sunan tun ranar da imel ɗinsa na farko ya shigo mata. Auta marubuciyar waya ce, kullum da yamma take sakin shafi ɗaya na labarinta a guruf ɗin masu karatu, mata na jira kamar masu layin famfo. Ta taɓa kashe wata jaruma a labarinta da maganin da ko kaza ba zai kashe ba, shi ne ya rubuto ya gyara mata cikin ladabi. Ta mayar masa da tsiwa, ya mayar da dariya. Wasa-wasa sai ga magabatansa a falon babanta.

To amma masu karatun kyauta ba su san marubuci na gajiya ba. Wata rana kanta ya ƙafe ƙaf, suka taso ta a gaba, wasu har da zagi, wai ta fara jan aji. A nan shaiɗan ya tuna mata tabon ƙunar da ke tafin hannun Dokta na hagu.

Shi ya ba ta labarin da bakinsa. Bayan haihuwar ƙanwarsa Ummansu ta sami taɓin hankali, a cikin ciwon ta ɗora hannunsa kan dutsen guga. Ta sha magani ta warke, aka binne maganar, ko ƙanwar ba ta sani ba. Ya ce duk duniya ita kaɗai ya taɓa faɗa wa.

Auta ta zuba labarin a shafin ranar, ta canza sunaye, ta canza sana'a, ta ce wa zai gane? Dutsen gugar da hannun hagun ne ta kasa canzawa, don nan ran labarin yake. Har ta ƙara da cewa uwar na ƙyaƙyata dariya, saboda ya fi ratsa jiki.

Ya kuwa ratsa. Ba ta taɓa shan yabo irin na ranar ba, kuma gaskiya ta ji daɗi.

Sai wata maƙwabciyarsu Dokta, wadda ta daɗe tana zarya shagon sayen maganin ciwon kan da ba ta da shi, ta rubuta a ƙasa: "Ikon Allah, wannan tabon kamar na san mai shi..." Ta kuma ambato ƙanwarsa.

Auta ta goge shafin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. An kwafe, an watsa, har an karanta shi da murya. Dangin mai neman ƙanwar suka janye, wai abin gado ne. Yayyen Umma suka aiko gidansu Auta cewa a bar maganar aure, ba za su ajiye mai tallan asirinsu a cikin gida ba.

Yanzu ga ta tana rantse-rantse, tana cewa za ta fito ta ƙaryata, za ta daina rubutun gaba ɗaya. Sai lokacin ya ɗago, idanunsa sun kaɗa jawur.

"Na karanta," ya ce a hankali. "Kin iya rubutu, Auta. Gyara ɗaya gare ni."

"Masoyina..."

"Umma ba ta yi dariya ba. Ta fi ni kuka."

Da marinta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Ya ciro wani ƙaramin kwali daga can saman kanta, ya sa a aljihu. Ta san maganin, shi ya koya mata sunansa. Umma ta daina shan sa tun Dokta na ɗan firamare.

"Ciwon... ya dawo?"

Ya jira ta fita, ya ja ƙofar shagon ya datse kwaɗo da hannun nan na hagu, ya tafi bai waiwayo ba.

Wayar ta sake ƙara. Ta ciro ta, hawaye na ɗiga kan gilashin. Masu karatu ne, suna tambayar ina shafin yau.