Tsohuwar Motar Saje Solomon

A hanyar Dabai motar ta mutu wa Keziah, karo na uku a sati ɗaya. Tana tsaye gaban bonet kamar ta yi kuka, sai wani saurayi ya faka babur.

"Sannu 'yan mata. Sunana Japhet, bakanike ne ni. Mi ya same ta?"

"Shan mai kamar rijiya, ga shi ba ta da ƙarfin hawa tudu. Motar babana ce, ta girme ni."

Ya kwance fulogi ɗaya ya nuna mata. Bakin fulogin fari fat.

"Iska ta yi mata yawa, mai bai ishe ta ba. Ki kawo ta gareji gobe."

Ta kai. Ya wanke nozul mai fesa mai, ya sauya matatar mai, ita kuwa tana zaune a benci tana satar kallonsa. Kafin wata biyu ya zama "Injiniyana", ita kuma "Tauraruwa". Amma motar ba ta daina shan mai ba.

Mahaifinta, Saje Solomon, tsohon soja ne, kuma ya riga ya ajiye mata Abel, ɗan abokinsa na bariki. Abel ne ya raɗa masa cewa duk ranar da mota ta kwana a gareji, zuƙe man ake yi.

Ranar Lahadi, a ƙofar coci, Saje ya nuna Japhet da sanda.

"Ɓarawon mai! Kai ne za ka auri ɗiyata?"

Mahaifiyar Japhet na tsaye a wurin da kayan zumuntar mata a jikinta.

Abin da ya fi ci wa Japhet rai shi ne saƙon Keziah da ya shigo da yamma:

"Injiniyana, don Allah faɗa mini gaskiya. Ko sau ɗaya ka taɓa ɗiba? Zan yafe maka."

Ya amsa: "Har ke, Keziah? Na gode."

Masu kawo gyara suka janye. Ya tattara sifanoninsa ya koma Wasagu gyaran babura.

Wata huɗu ana kai motar garejin da Abel ya zaɓa, shan mai sai abin da ya ƙaru. Ran nan Keziah ta ce wa mahaifinta, "Baba, yanzu kuma wa ke sata?" Washegari ta sa shi a mota har Wasagu.

Japhet ya gaishe da Saje, bai dube ta ba. Ya tada injin, ya kara kunne, ya daɗe yana bin tiyo ɗaya bayan ɗaya da hannu. Can bayan injin, inda ido ba ya kaiwa, ya ji wani siririn fito. Ya toshe wurin da yatsa, nan take ƙarar motar ta daidaita.

"Tiyon nan ya tsage, Baba. Iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya, motar kuma tana ƙara mai don ta cike. Laifina ɗaya, ban gano da wuri ba."

Saje ya juya tiyon a hannu. "To. Ka turo manyanka."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Keziah ta bi Japhet bayan rumfa tana hawaye. "Ka yafe mini."

"Na yafe, Tauraruwa. Mantawa ce dai za ta ɗau lokaci."

An ɗaura auren a watan Disamba, a cocin nan dai. Bayan fasto ya gama, Saje ya ɗora musu hannu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka. Jama'a suka ce amin. Da ya miƙa wa mahaifiyar ango hannu, sai ta gyara ɗankwalinta, ta kama hannun amarya.

"Taho, ɗiyata. Mu je gida."