Sha Biyun Ranarsa, Magaribarta

Tun safe Amarya take safa da marwa a falo da waya a hannu. Mijinta, Injiniya, kamfaninsu ya tura shi wani birni can ƙarshen duniya, tafiyar awa goma sha ɗaya a jirgin sama, kuma ƙarfe takwas suka tashi. Nisan bai dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a rai abokiyar aikinsa ce, wata mai dogon takalmi da iyayin magana, wadda kujerarta ke manne da tasa a jirgin.

Ana kiran magariba saƙonsa ya shigo: "Alhamdu lillahi, mun sauka lafiya, sha biyun rana."

Yayarta, da ta zo taya ta zama, ta fizge wayar ta karanta, ta tafa hannu.

"Sha biyun rana? Taɓɗi! Yarinya, an yi miki sakiyar da ba ruwa! Daga takwas zuwa sha biyu awa nawa ne?"

"Huɗu, Yaya..."

"To sauran bakwai ɗin fa? A ina ya kashe su, kuma da wa, da sai yanzu ya tuna da ke? Na sha gaya miki namiji ba ɗan goyo ba ne!"

Kishi ya turnuƙe Amarya, ta fashe da kuka. Kafin ka ce kwabo Yaya ta jawo akwati tana cusa kaya.

"Rubuta masa ya aiko miki da takardarki. Gidanmu ba a rasa ɗaki ba!"

Amarya ta rubuta kuwa. Saura ta danna, sai zuciyarta ta ƙi.

"Yaya, bari dai in ji daga bakinsa."

"Ji mana, bidiyo kol ma, mu ga ƙaryar da idonmu!"

Ya ɗauka a bugun farko, ido ja wur don gajiya, yana jan jaka a ƙofar filin jirgi. A bayansa kuwa rana ce tsaka, ƙwal!

"Sweety, lafiya kike kuka?"

"Tun sha biyu ka sauka, sai da magariba..."

"Wace magariba? Ko azahar ba a kira ba! Agogon nan awa bakwai yake bayan naku. Yanzun nan ƙafata ta taɓa ƙasa, ke na fara nema."

"Ita fa?"

"Wa? Oho! Ga ta can, mijinta ya zo tarbarta."

Amarya ta goge saƙon nan da sauri, tana dariya hawaye na zuba. Yaya ta shiga fitar da kaya daga akwati tana gunaguni:

"To ni ina na san rana ma tana makara?"

Ai shi ya sa! Kishi kumallon mata ne, amma wadda ta yi haƙuri ta tambaya kafin ta yanke hukunci, ita ke tsira da aurenta.