Yatsun Sayibu Biyu

"Malama, matsa daga kafaɗarsa! Nan wurin aiki ne!"

Adizatu ce ta daka tsawar, ƙafarta na kan matakin injin buga takardu na babanta, Alhaji Imoru, a Nyanshegu. Satin karɓar 'yancin Gana ne, makarantun Tamale na jiran takardun biki.

Injin nan mutum biyu yake so. Ita tana takawa, Sayibu ma'aikacin babanta yana zura takarda, ya zare hannu kafin ƙarfen ya rufe. Sun saba har ba sa kallon juna. Ya ma ce bayan biki zai turo manyansa.

Wadda aka daka wa tsawar wata ticha ce, Safiatu, wai ta zo duba rubutu.

"Sayibu, ashe ka iya Turanci! Me kake yi cikin masu baƙin hannu?"

Ya yi dariya. Dariya fa!

Zuciyar Adizatu ta tafasa, ƙafarta ta ƙara sauri...

Ƙarfen ya haɗa da yatsunsa biyu.

Ticha na ganin jini ta ɗauki jakarta, ko sannu babu.

Washegari Saaka, yayan Adizatu, ya ce, "Baba, mai guntun hannu ba ya zura takarda. A sallame shi, zancen auren ma a bar shi." Alhaji ya amince.

Adizatu ta taka har Kukuo, unguwar su Sayibu, ta tarar da shi kwance, fuska na kallon bango.

"Masoyina... ni na yi maka. Kishi ne."

"Na sani. Ƙafarki ba ta kuskure."

"To me ya sa ka yi mata dariya?"

"Adiza! Yatsuna biyu sun tafi, dariyar kike tambaya?"

"Ita nake tambaya!"

Ya kalle ta, ya ga idon ya kumbura da kuka. Ya miƙa mata hannun mai ciwo, ta riƙe.

Ta dawo gida ta zauna a tabarma. "Baba, ban takawa kowa sai shi."

Saaka ya hau injin da taƙama, takardu suka yi ta yagewa, ga shugabannin makarantu tsaye a ƙofa. Alhaji da kansa ya aika Kukuo. Sayibu ya zura da hagu, ita tana takawa a hankali. Bayan biki aka ɗaura aure.

Yau jikokin Saaka na yawo da baki wai kakansu ne ya tsayar da gidan buga takardun. Ƙarya suke! Su zo su faɗa a gabana, ni jikar Adizatu da Sayibu.