Kabad Mai Sanin Yatsa Ɗaya

Da hantsin Asabar Abdulƙarim ya faɗo ofishin 'yan sanda na Nima yana huci, wai an sace kwamfutar kamfaninsa. Har sunan ɓarauniyar ya zo da shi: Rashidatu, mai rubuta musu manhaja.

Sufeto Zuberu ba ya son mai ƙara da ke zuwa da hukunci a aljihu. Ya ɗauki Kofur ɗinsa, suka bi shi unguwar Kanda, inda kamfanin yake.

Kamfanin ɗaki biyu ne, manhajarsu ke kiran masu ba da jini idan asibiti ya nema. Bango kuwa duk dokoki ne. Ba a taɓa manhaja ran Juma'a. Ba a maganar aiki a waya, sai a kwamfutar ofis.

Rashidatu na zaune a lungu, ido ya kumbura. Idan zargin ya tabbata, gidan yari za ta.

"Kin ɗauka?"

"Ofisa, wallahi ban ɗauka ba. Jiya da safe na ga manhaja na kiran masu jinin da bai dace ba. Na rubuta wa Oga Abdulƙarim cewa gyaran minti goma ne, ya ce Juma'a ce, sai Litinin. Da la'asar wata mai haihuwa a asibitin Maamobi ta kusa rasuwa. Mijinta ya ce kotu zai kai mu."

"Ina saƙon?"

"Yana cikin kwamfutar."

"Ƙarya take, ba ta faɗa mini komai ba!" in ji Abdulƙarim.

Zuberu ya tsuguna gaban kabad ɗin ƙarfe da ake kulle kwamfutar a ciki. Ko ƙwarzane babu.

"Malam, da me ake buɗe shi?"

Abdulƙarim ya daki ƙirji. "Da yatsana kaɗai. Dokata ce, shekara huɗu ba a karya ta ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya!"

"Madalla. To Rashidatu aron yatsan ta yi?"

Zuberu ya sa aka bincike Oga. A but ɗin motarsa aka sami kwamfutar, naɗe cikin darduma.

"Tsoro na ji," in ji Abdulƙarim. "Gyaran gaggawa ya taɓa rushe mana komai, shi ya sa na kafa dokar. Idan kotu ta ga saƙon nan, na kaɗe."

"Ka auna tsoronka, ba ka auna ran matar ba," in ji Zuberu.

Kofur ya tasa ƙeyarsa zuwa mota, ya dawo zai sa kwamfutar a jakar shaida. Rashidatu ta miƙe.

"Ofisa, har yanzu ba a yi gyaran ba. Kuma mata ba su daina haihuwa ba."

"Yallaɓai, doka ta hana taɓa kayan shaida," in ji Kofur.

Zuberu ya san haka, ya kuma san shi zai sha tambaya. Ya ɗauki hoton saƙon, ya ja mata kujera, ya dubi agogo.

"Minti goma kika ce? Zauna. Ni zan sa hannu."