Fayil Ɗaya Mai Suna Magaji

Da hantsi Safinatu ta shigo ofishin 'yan sanda na Bodinga rungume da kwamfuta, idonta jajur. Mijinta Bashir ya rasu a hatsarin mota da damina, kuma a kwamfutar ta tara duk saƙonnin muryarsa, don 'yarsu Kausar ta ji ubanta in ta girma. Yau ta buɗe, fayil ɗaya tak ya rage.

Sajan Bawa, wanda ke taɓa harkar kwamfuta, ya duba. Ba sharewa aka yi ba. Wani ne ya rubuta umarnin da ke bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya yana sauya musu suna:

for f in *.mp3; do mv "$f" Magaji.mp3; done

Mai umarnin ya manta lambar da za ta bambanta su. Kowane ya ɗauki suna guda ya danne na gabansa, kuma an ci gaba da aiki da kwamfutar har sawunsu ya ɓace.

Safinatu na zargin Kamilu mai gyara, wanda ta kai wa kwamfutar. Kamilu ya rantse batir kawai ya sauya, kuma da Bawa ya tambaye shi waye Magaji, sai ya girgiza kai. Bai ma san sunan ba. Ita kuwa Safinatu, Abban Kausar take kiran mijinta. Saura mutum ɗaya da kwamfutar ta kwana wurinsa: surukinta Malam Aliyu, tsohon malamin kwamfuta a makarantar Shagari.

A zaure suka same shi. Bawa ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ta'aziyya.

"Malam, wa ke kiran marigayi Magaji?"

Tsohon ya ɗago ya dube shi.

"Ɗan fari na. Ban taɓa kama sunanai ba."

Ya ce ya ari kwamfutar ne don ya ji muryar. Da ya buɗe, sai ga sunan nan a kan kowane fayil, jere reras, daga sama har ƙasa, sunan da kunya ta hana shi faɗa tun ranar suna. Zuciyarsa ta kasa ɗauka. Ya ce bari ya mayar da su sunan da yake kiransa, hawaye na rufe masa ido. Shi da ya koya wa ɗalibai su gwada umarni kafin su sake shi! Kunya kuma ta hana shi gaya wa surukarsa.

Wallahi Bawa ya kama ɓarayi da yawa, bai taɓa jin nauyin gano mai laifi irin na ranar ba. Safinatu ta buɗe kwamfutar. Ta kunna wanda ya rage.

"Baba, na taso, ina hanya," in ji muryar.

"Bashir," in ji tsohon, a hankali. Ya sake faɗa.