Matar da Rade Bai Aura Ba

Ranar da aka kawo kwamfutoci ɗakin karatu na makarantar, ƙafafunsa Gordana, mai kula da ɗakin, ta fara gani. Yana kwance ƙarƙashin tebur yana zagin soket.

"Malam, nan ba gareji ba ne. Yara na karatu."

Ya leƙo, da sukudireba a baki. Ya cire ta. "Waɗanne? Waɗancan biyun da ke barci?"

Ta yi masa irin kallon da take yi wa littafin da aka dawo da shi da maiƙo. Sunansa Rade. Ɗan ƙaramin aiki aka turo shi, amma ya yi ta dawowa, kullum akwai wayar da ta kwance. Gordana ta san shi ke kwance ta. Ba ta kai ƙara ba.

A ƙasar waje ta yi karatu. Ta dawo garinsu Pirot ta tarar da mutanenta yadda ta bar su: abin da ya fito a waya gaskiya ne, abin da ya fito daga bakin wanda ya sani girman kai ne. Manyan ta cire rai da su. Yaran take so ta koya wa tambaya kafin yarda: wa ya rubuta, yaushe, ina ya samo.

Don darasin tana bukatar ƙarya mai kyau, Rade ya ba da aron fuskarsa. Suka haɗa shafin jarida na bogi: ga shi tsaye a Vienna da wata farar mace da 'ya'ya uku, wai ya gudu ya bar su. A sama ta rubuta DARASI da jan rubutu. Kafin a kaɗa ƙararrawa yaran sun gano jaridar ba ta wanzu, kuma yatsun matar shida.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Malamar shiru, na saki ta Vienna. Gurbi ya samu."

"Ba na neman aiki."

"Ba aiki ba ne, Dana. Wahala ce, har mutuwa. Ina son ki."

Ta mayar masa da amsa: "Wa ya rubuta, ina ya samo?"

"Ni. A ƙarƙashin teburinki."

Akwai Slobodan, malamin tarihi, wanda mahaifinta Milutin ya riga ya zaɓa mata a ransa saboda yana da gida da taye. Slobodan ya ɗauki hoton shafin, ya yanke jan rubutun, ya tura wa guruf ɗin unguwa, ya ƙara da cewa shi dai bai ce komai ba. Kafin a rufe kasuwa an san sunan matar. Wata ma ta ce ta taɓa ganinta a tashar mota tana kuka.

Milutin ya ajiye wayarsa kusa da farantinta.

"Baba, ni na rubuta shi. Da hannuna."

"Ke kika rubuta jaridar Vienna?"

"Babu jaridar!"

"Ga ta ina gani, ki ce babu? Karatun da na biya ke nan? Kada in ƙara jin sunan ɗan wayar nan a gidana."

Rade ya yi kwanaki bai leƙo ba. Ta ɗauka ya tsorata, ta raina shi. Sai ga saƙo: "Uwata ma ta tambaye ni sunan jikokinta. Kunya ta hana ni fita. Me za mu yi?"

"Ka zo ranar slava. Ka sa riga mai tsabta."

Ranar slava, bikin waliyyin gida, ba a korar baƙo, kuma mai gida ba ya zama, a tsaye yake wuni yana hidima. Rade ya shigo, ya sumbaci hannun mahaifiyarta, ya zauna daura da Slobodan. Milutin ya zuba wa Rade rakiya, barasar 'ya'yan itace ta ƙasarsu. Rakiyar nan shi ke dafa ta a bayan gida, kuma ya fi alfahari da ita a kan digirin 'yarsa.

Gordana ta miƙa masa wayarta. "Baba, ka ga wannan?"

Shafin jarida ne. Ga Milutin a kanti, rungume da kwalaben rakiyar kamfani. Kanun ya ce a asirce yake juye ta cikin kwalabensa.

Fuskarsa ta yi ja. "Ƙarya ne! Ban taɓa taka kantin nan ba! Wane ɗan iska ya rubuta?"

"Ga ta kana gani, Baba."

"Wace jarida ce ma wannan? Wa ya san ta?"

"Wadda ta aurar da Rade. Ɗazu na haɗa, kafin miya ta nuna."

Gwaggo Stana ta karɓi wayar, wai za ta duba da tabarau. Milutin ya daɗe yana kallon Slobodan, wanda ya dukufa kan kabejinsa kamar an ba shi jarrabawa.

"Malam, ci ka ƙoshi," in ji Milutin. "Yau ba a kora. Gobe ana yi."

Ya juya ga Rade. "Kai kuma, 'ya'ya nawa gare ka?"

"Ko ɗaya, Baba. Izini nake jira."

"Marar kunya. Miƙo kofinka."

Bayan Ista aka ɗaura auren. Gwaggo Stana kuwa tun a teburin ta tura hoton kantin wa mutum biyu kacal, amintattu. Don haka a wurin biki, duk wanda aka zuba wa rakiya sai ya shinshina, ya kalli na kusa da shi.

Milutin ya ga komai. Ya tashi da kofinsa, ya dafa kan 'yarsa.

"Kin kashe mini suna a garin nan, Dana. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu kai irin naki, su rama mini. Ku sha, munafukai, ni na dafa!"

Suka ce amin, suka sha. Da yawansu ba su yarda ba.